Na'urar auna gudu a injin motar golf mai lantarki

Na'urar auna gudu, wadda makanikai ke kira sansa, 'yar ƙaramar aba ce da ake ɗaurewa a bayan injin lantarki na motar golf, wato ƙaramar motar da ake yawo da ita a filin wasan golf, daidai ƙarshen sandar amecha, ɓangaren injin da ke juyawa. Aikinta shi ne ta riƙa gaya wa kwantirola, wato na'urar da ke tura wa injin wuta daga batir, saurin juyawar injin, shi kuma ya daidaita wutar da yake turawa. Ita ce aka fi yi wa sakaci idan an zo sauya inji.

Asali

Yawancin waɗannan na'urori suna aiki ne da abin da masanin kimiyyar Amurka Edwin Hall ya gano a 1879, yana ɗalibi a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore. Ya lura cewa idan wuta na bi ta cikin siririn fallen zinariya, aka kawo maganaɗisu kusa, sai a sami ɗan bambancin ƙarfin wuta tsakanin gefe da gefe. An daɗe ba a ci moriyar binciken a masana'antu ba, domin saƙon ya yi rauni ainun, sai da aka fara ƙera ƙananan da'irorin lantarki masu iya ƙara masa ƙarfi.

Motocin golf na farko, irin waɗanda kamfanin E-Z-GO ya fara ƙerawa a Augusta ta jihar Jojiya tun 1954, ba su san sansa ba. Injinansu na jere ne, wato wuta ɗaya ke ratsa amecha da kwayil (naɗaɗɗiyar wayar da ke kewaye da amecha), kuma tashoshinsu, wato wuraren ɗaura manyan wayoyi, huɗu ne: A1, A2, S1 da S2. Daga wajen tsakiyar shekarun 1990 aka fara komawa ga injin da ake ba kwayil ɗinsa wuta daban, mai tashoshi A1, A2, F1 da F2. Wannan injin yana iya yin birki da kansa a gangare, ya mayar da wuta cikin batir, amma don ya yi hakan daidai sai kwantirola ya san gudun motar. Tsarin PDS na E-Z-GO da IQ na kamfanin Club Car, waɗanda suka bazu a wajajen shekarar 2000, duk da sansa suke aiki.

Yadda take aiki

A bakin sandar amecha akwai zagayayyen maganaɗisu mai fuskoki na arewa da kudu. Duk fuskar da ta gitta, sai saƙon ya tashi ko ya faɗi. Kwantirola na ƙirga wannan bugun ya fitar da gudu.

Haɗa wayoyi

Wayoyi uku ne: ta wuta, ta at (wato negatif), da ta saƙo. Launinsu da jerinsu a fulogi sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, haka ma ƙarfin wutar da ake ba na'urar, a wasu volt 5, a wasu sama da haka. Saboda haka zanen waya na ainihin samfurin motar shi ne abin bi. Dogaro da launi kaɗai ya ƙona sansa da yawa.

Kafin a taɓa komai ana mayar da makunnin Tow/Run (Tow na jan mota, Run na tuƙi) zuwa Tow, sannan a cire wayar batir, domin tarin batir mai volt 36 ko 48 na iya narkar da sifana idan ta haɗa tashoshi biyu. Ana yi wa kowace babbar waya alama tun tana jikin tsohon injin. Wajen kwance noti sai an sa sifana biyu, ɗaya ta riƙe na ƙasa, in ba haka ba kusar tasha ta juya ta tsinke haɗin da ke ciki. Wayar sansa siririya ce, ana nisanta ta da manyan wayoyi da duk abin da ke juyawa, a ɗaure ta yadda ba za ta gogu ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne sabon injin wani kamfani ne daban. Sansar injin kamfanin GE ba lalle ta zauna a kan injin kamfanin AMD ba, kuma idan yawan fuskokin maganaɗisun ya saɓa wa abin da kwantirola ya sani, lissafin gudun ya lalace ko da wayoyi sun zauna daidai.

Gwaji

Bayan an mayar da wayar batir da makunnin zuwa Run, a ɗaga tayoyin baya, a sa mitar auna wuta tsakanin wayar saƙo da at, a juya taya a hankali da hannu. Mai lafiya za ta riƙa sauyawa tsakanin kusan sifili da kusan volt 5. Idan lambar ta tsaya cak, ko dai sansa ta mutu, ko waya ta katse, ko maganaɗisun ya tsage. A hanya kuwa, alamar ita ce motar ta ɗauka da ƙarfi sannan ta koma tafiyar hawainiya. Haka kuma idan aka tura ta tana kan Run, ba za ta yi ƙara ko ta turje ba kamar yadda ta saba.

Injinan AC, masu aiki da wuta mai sauya alkibla, kamar na samfurin RXV na E-Z-GO da ya fito a 2008, galibi suna da na'ura mai wayoyin saƙo biyu, wadda ke gane har da alkiblar juyawa.

Taƙaddama

Wasu na sa maganaɗisu mai ƙarancin fuskoki don kwantirola ya ɗauka motar a hankali take tafiya. Masu yi na cewa gudu na ƙaruwa. Masu suka na cewa birkin gangare na raguwa, injin kuma na wuce juyin da aka ƙera shi a kai.