Motocin gudu na alfarma masu aiki da lantarki: ina matsayinsu a kasuwa?

Me ya sa suke fizga haka da an taka totur?

Injin fetur sai ya yi ruri, juyinsa ya hau, a canza giya, kafin ƙarfinsa ya fito duka. Injin lantarki kuwa nan take yake ba da ƙarfinsa. Motar lantarki Rimac Nevera, wadda ake ƙerawa a Kuroshiya, tana da injuna 4, kowace taya da nata, jimillarsu ƙarfin doki 1,914. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa ba ta cika daƙiƙa 2 ba. A kwana, kwamfuta ce ke ƙara wa tayoyin waje ƙarfi ta rage wa na ciki, shi ya sa motar ke manne da hanya.

To ina matsalar take?

Nauyi da zafi. Batirin Nevera mai kilowat-awa 120 ne (ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka), kuma motar ta haura tan 2, alhali ƙimar motar gudu a rashin nauyinta take. Duk lokacin da aka taka birki ko aka shiga kwana, tayoyi ne ke ɗaukar wannan kaya, sai su cinye da wuri.

Zafin ya fi damun injiniyoyi. Idan aka yi ta zuƙar wuta da ƙarfi a filin tsere, batiri yana ɗaukar zafi, kwamfuta kuma ta rage ƙarfin motar da kanta don kada ya lalace. A nan Porsche Taycan ta 2019 ta yi abin a yaba: ta zo da tsarin bolt 800 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta a waya) maimakon 400 da aka saba. Idan aka ninka bolt, wutar da ke bi ta waya tana raguwa da rabi, zafin wayar kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wayoyi suka ƙara sirancewa, caji ya ƙara sauri: daga kashi 5 zuwa 80 cikin kusan minti 23.

Ana sayensu da yawa?

A'a. A 2023 an sayar da motocin lantarki kusan miliyan 14 a duniya, Nevera kuwa guda 150 kacal aka tsara ƙerawa. Masu kuɗin sayen irinta da dama har yanzu ƙarar inji suke so a kunnensu.

Me ya sa kamfanoni ba su haƙura da su ba?

Domin a jikinsu ake gwada fasaha mai tsada kafin ta sauko ƙasa. Tesla ta fara da Roadster a 2008, a kan gangar jikin motar Lotus Elise, guda kusan 2,450. Daga nan aka samu Model S a 2012, sai Model 3 a 2017. Bolt 800 ɗin Taycan ma, shekara biyu bayan nan ya bayyana a Hyundai Ioniq 5, motar iyali. A ganinmu, wannan ne ainihin aikinsu a kasuwa.

Mai son sayen wadda aka hau, me zai duba?

Ya fara da rahoton lafiyar batiri, domin shi ne sashe mafi tsada a motar. Ya duba faifan birki: inji ne ke yawan rage gudun motar yana mayar da wuta batiri, sai faifan ya yi tsatsa saboda rashin aiki. Bayan ya saya, kada ya ajiye ta kwanaki batiri cike fal ko a ƙare. Cajin kashi 80 ya isa hawan yau da kullum.