Finafinan tarihi na Rasha da aka haɗa da tsoffin hotuna

A cikin finafinan dokumentari na Rasha, wato waɗanda ba na wasan kwaikwayo ba, akwai wani reshe mai tsohon tarihi: fim ɗin da ake ginawa kacokan da hotunan da wasu suka ɗauka tun da daɗewa. Mai shirya irin wannan fim yakan gama aikinsa bai taɓa kyamara ba. Wurin aikinsa shi ne rumbun adana finafinai da teburin tacewa. Rasha ta yi fice a wannan fanni domin ta fara tara hotuna da wuri, kuma gwamnati ce ta riƙe su. Tun watan Mayun 1896 ma'aikatan kamfanin Lumière na Faransa suka ɗauki bikin naɗin Sarki Nikolas na II a Masko. A ranar 27 ga Agusta, 1919 Lenin ya sa hannu a dokar da ta mayar da harkar fim ƙarƙashin gwamnati, sannan a 1926 aka kafa rumbun da a yau yake garin Krasnogorsk kusa da Masko, inda ake ajiye finafinan labarai da hotuna. Gosfilmofond, wanda aka kafa a 1948 a Belye Stolby, ya fi riƙe finafinan wasa da na ƙasashen waje.

Esfir Shub da kafuwar sana'ar

Wadda ta mayar da abin sana'a ita ce Esfir Shub (1894–1959). Daga 1922 aikinta shi ne sake yanka finafinan ƙetare da sauya rubutunsu don su dace da aƙidar Tarayyar Sobiyet. A nan ta gane cewa hoto ɗaya yana iya faɗin abu biyu, gwargwadon abin da aka ajiye a gabansa da bayansa. Da za a cika shekara goma da juyin juya halin 1917, sai ta bi ɗakunan ajiya na Masko da Leningrad (San Fitasbag a yau), ta tono tsoffin finafinan labarai har da waɗanda masu ɗaukar hoton fada suka yi wa iyalan sarki. Ta duba kimanin mita 60,000 na zaren fim. Da saurin majigin wancan zamani, wannan ya haura kallon awa hamsin. Abin da ya fito shi ne Padenie dinastii Romanovykh (Faɗuwar Gidan Sarautar Romanov, 1927).

Hanyar da ta bi ita ake bi har yau. Da farko a kalli komai, a gane su wane ne a hoton, a ina, kuma yaushe, ta hanyar tufafi, lambobin soja, rubutun shaguna da jaridun ranar. Sai a ware guntayen da ake so. Daga nan a yi musu kwafi, kuma kwafin ake yankawa. Asalin zaren ba a sa masa almakashi. Wannan mataki na uku shi ne babbar kyautarta ga masu zuwa baya, domin kafin ita an saba yanke guntu daga asalin fim a yi gaba da shi, ragowar ta lalace.

Hujjarta kuwa a jeri take. A wani wuri ana ganin manyan fada suna rawa a kan jirgin ruwa har suna share gumi, sai hoto ya koma kan talakawa suna haƙa, su ma suna gumi. Duka hotunan biyu na gaske ne, amma hukuncin da mai kallo zai yanke na Shub ne. Hukumar fim ta so ta hana ta matsayin mawallafiya, wai ai manna hotunan wasu kawai ta yi, sai da marubuta irin su Mayakovsky suka tsaya mata. Abokin zamaninta Dziga Vertov ya fi ta suna a duniya, musamman da fim ɗinsa na 1929 kan mai ɗaukar hoto a cikin birni, amma shi sabon hoto yake ɗauka yana sarrafa shi da gajerun yanka. Shub takan bar hoto ya daɗe a allo don a iya bincikar sa kamar takardar shaida, kuma ga mai neman tarihi hanyarta ta fi amfani.

Hotunan yaƙi

Kaso mai yawa na abin da ake ɗiba a yau daga yaƙin 1941 zuwa 1945 ya fito. Masu ɗaukar hoto kimanin 250 ne suka yi aiki a fagen daga, kuma wajen ɗaya cikin biyar bai dawo ba. Yawancinsu ƙaramar kyamarar Eyemo suke riƙewa, wadda ake wana ta da hannu kamar agogo, tana ɗaukar naɗin fim mita 30, wato minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Ba ta ɗaukar sauti. Wannan ya bayyana abubuwa biyu da mai kallo ya kamata ya sani: dalilin da hotunan yaƙin suke gajeru, da kuma cewa ƙarar igwa da ihun soja da ake ji an ɗora su ne daga baya a situdiyo. Fim ɗin Leonid Varlamov da Ilya Kopalin kan murƙushe sojojin Jamus a kusa da Masko (1942) shi ya fara kawo wa Tarayyar Sobiyet kyautar Oscar.

A 1965 Mikhail Romm ya juya akalar zuwa hotunan abokan gaba. Obyknovennyi fashizm (aƙidar 'yan Nazi a rayuwar yau da kullum ita ce jigonsa) an gina shi da finafinan farfagandar Jamus da aka kwaso ganima, da hotunan da sojoji suka ɗauka wa kansu. Romm da kansa ya yi magana a kai, da muryar dattijo mai hira, ba muryar mai karanta sanarwa ba. Yana tsayar da hoto, yana maimaita shi, yana nuna fuska ɗaya a cikin taro. 'Yan kallo da dama a Sobiyet sun hango ƙasarsu a cikin waɗannan tarurruka na bautar shugaba.

Inda ake samun tangarɗa

Matsala ta farko ta zaren ce. Tsohon fim na naitiret yana kamawa da wuta cikin sauƙi, ruwa ba ya kashe shi, kuma in ya tsufa yakan yi danƙo, ya kumbura, a ƙarshe ya zama gari. Wanda ya gaje shi, na asitet, ba ya ci da wuta haka, amma zafi da laima kan sa shi tsami mai warin binega, ya lanƙwashe. Dukansu suna tsukewa da shekaru, sai ramukan gefe su daina dacewa da haƙoran inji, in aka tilasta su yage. Shi ya sa ake ajiye su a ɗaki mai sanyi da bushewa, kuma ake kwafar su da na'urar da ba ta jan zare da haƙori.

Ta biyu ita ce sauri. Finafinan da ba su da sauti an ɗauke su da hannu, wajen hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa. Majigin zamanin sauti yana tafiya da 24. In aka haska na 16 da saurin 24, motsi yana ƙaruwa da rabi, sai sarki da fadawa su riƙa tafiya kamar ana korar su. Tsohon maganin shi ne a buga kowane hoto na biyu sau biyu, abin da ke kawo ɗan tsalle-tsalle a motsi. Yanzu kwamfuta ke daidaitawa. Haka nan layin sauti yana cin gefe ɗaya na zaren, don haka kwafin da aka yi daga baya sukan yanke wani ɓangare na hoton, kuma shimfiɗa shi a faffaɗan allon zamani yana sare kawuna da ƙafafu.

Ta uku, kuma mafi haɗari, ita ce ɗaukar wasa a matsayin shaida. Ba a ɗauki hoton kame Fadar Hunturu, tsohuwar fadar sarki, a daren juyin juya halin Oktoban 1917 ba. Taron da ake gani yana hawa ƙofar fadar daga fim ɗin Oktyabr na Sergei Eisenstein (1928) yake, mutanen haya ne, amma shirye-shiryen talabijin a ƙasashe da yawa sun sha nuna shi kamar labari. Akwai kuma ƙaryar da aka shirya da gangan: fim ɗin 1944 kan kaburburan Katyn ya ɗora wa Jamusawa kisan hafsoshin Poland, alhali 'yan sandan ciki na Sobiyet ne suka yi shi a 1940, kuma Masko ba ta amsa ba sai a Afrilun 1990. Wasu finafinan ma suna da siga fiye da ɗaya. Tri pesni o Lenine na Vertov (Waƙoƙi Uku kan Lenin, 1934) an sake yanka shi a 1938 don cire waɗanda aka kira maƙiyan al'umma, aka sake a 1970 don cire Stalin. Mai bincike dole ya san wace siga ce a hannunsa.

Kwanan wata ma tarko ne. Rasha ta bar tsohuwar kalanda a 1918, inda 14 ga Fabrairu ta biyo bayan 31 ga Janairu. Tazarar kwana 13 ce, shi ya sa juyin Oktoba ya faɗa 7 ga Nuwamba. Rubutun da ke kan gwangwanin fim na kafin lokacin da tsohon lissafi yake.

Daga buɗe rumbuna zuwa yau

A zamanin Gorbachev, shugaban Tarayyar Sobiyet na ƙarshe, aka fara fito da abin da aka ɓoye. Marina Goldovskaya ta yi Vlast Solovetskaya (1988) kan sansanin fursunoni na tsibiran Solovki. Ta ɗauko wani fim ɗin farfaganda na ƙarshen shekarun 1920 da ke nuna sansanin kamar wurin gyaran hali mai tsabta, ta haɗa shi da bayanin tsofaffin da suka yi zaman wurin. Stanislav Govorukhin a 1992 ya yi akasin abin da Shub ta yi: da irin hotunan zamanin sarki ya nuna Rasha mai wadata da aka yi asararta. Leonid Parfenov ya kai salon talabijin da Namedni a tashar NTV daga 1997, kowane kashi shekara ɗaya, daga 1961 zuwa 1991, inda taron jam'iyya da yayin takalmi da sabuwar waƙa suke zama kafaɗa da kafaɗa.

Sergei Loznitsa, ɗan Yukren da ya yi aiki a situdiyon dokumentari na San Fitasbag, ya cire mai sharhi gaba ɗaya. Blokada, kan ƙawanyar kwana 872 da aka yi wa Leningrad a lokacin yaƙi da Jamus, ba shi da murya ko kiɗa. An ƙirƙiro wa hotunan sautin takun ƙafa a kan ƙanƙara, da ƙarar taragu, da kukan sululun katako da ake jan gawa a kai. Sakamakon yana ratsa jiki, amma masana sun yi ta muhawara a kansa, domin kunne yana gaskata abin da ba a taɓa naɗa ba. Irin wannan muhawara ce ke bin masu shafa wa tsoffin hotuna launi da kwamfuta.

Nuna fim a sinima a Rasha yana buƙatar takardar izini daga Ma'aikatar Al'adu, kuma hana ta ya isa ya kashe fim. Wannan ya tura masu shiryawa da yawa zuwa YouTube, inda fim ɗin Yury Dud kan sansanonin fursunoni na Kolyma (2019) ya samu masu kallo miliyoyi. A Disamban 2021 kotu ta ba da umarnin rushe ƙungiyar Memorial, wadda ta tara sunaye da takardun waɗanda aka zalunta a zamanin Sobiyet, kuma masu finafinai suka dogara da ita. Bikin Artdocfest da Vitaly Mansky ya kafa a 2007 ya daina zama a Rasha a 2022, aka ci gaba da yin sa a Riga ta ƙasar Latbiya.