Mene ne GPS, kuma me ya haɗa shi da motar haya?

Mutane da yawa sun ɗauka GPS wani ido ne a sama mai leƙen duk inda mutum ya sa ƙafa. Ba haka abin yake ba. Taurarin ɗan adam na GPS ba sa ganin kowa. Aikin kowannensu shi ne ya riƙa watso saƙo ba dare ba rana, yana faɗin inda yake da daidai lokacin da saƙon ya tashi. Wayarka, ko na'urar da aka maƙala wa mota, ita ke saurare. Sai ta auna daɗewar saƙon a hanya, ta gane nisan da ke tsakaninta da tauraron. Da ta ji daga taurari huɗu aƙalla, ta san inda take a doron ƙasa. Saƙon da gudun haske yake zuwa, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kan jefa mota mita 300 daga inda take.

Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin. An harba tauraron farko a 1978, aikin ya kankama a 1995 da taurari 24 masu shawagi a nisan kilomita 20,200. Da farko da gangan ake dagula saƙon da farar hula ke samu, sai a shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Wasu ma suna da irin wannan tsarin nasu: Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, kuma wayoyin yanzu sukan saurari fiye da ɗaya, ko da yake duk GPS muke ce musu.

To, ina ruwan fasinja? Na'urar da ke cikin bas takan aika wa ofishin kula da zirga-zirga inda motar take, ta hanyar sabis ɗin waya ko rediyo. A Landan, tsarin iBus da aka gama sakawa a bas kusan 8,000 a 2009 shi ke sanar da sunan tasha ta gaba a cikin mota, abin da ya sauƙaƙa wa makafi da baƙi tafiya. Shi ne kuma ke nuna wa mai jira minti nawa ya rage. Masu kula suna ganin in bas uku sun taru wuri ɗaya an bar wata tasha cike da jama'a, sai su ce wa wani direba ya ɗan dakata.

Amma ni abin da aka yi a Nairobi ya fi burge ni, domin ya fi kama da halin da muke ciki. Ƙananan motocin hayar da ake kira matatu su ke ɗauke da jama'ar birnin, hanyoyinsu kuwa a da direbobi da yaran mota ne kawai suka san su sosai, babu cikakkiyar taswira. Sai ɗaliban Jami'ar Nairobi, tare da masana daga jami'o'in MIT da Columbia na Amurka, suka riƙa shiga motocin da wayoyi a hannu, GPS yana rubuta duk inda aka bi da inda aka tsaya. A 2014 aka fitar da taswirar hanyoyi fiye da 100, a 2015 kuma ta shiga Google Maps. Ba a sayi mota ko ɗaya ba, ba a gina titi ba, amma baƙo ya iya sanin motar da zai hau, masu tsara gari kuma suka ga unguwannin da haya ba ta kaiwa. A 2015 an yi irin wannan aikin ga motocin hayar da ake kira tirotiro a Accra. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kano yana tambayar inda zai sami motar wata unguwa ya san amfanin wannan.

GPS dai ba ya kawar da cunkoso, nuna shi kawai yake yi. Saƙonsa yakan rikice a tsakanin dogayen gine-gine, ya ɓace a hanyar ƙarƙashin ƙasa. Taswirar motocin haya kuma tana tsufa da wuri, tunda direbobi kan sauya hanya in kasuwa ta tashi ko titi ya lalace, don haka sai hukumar sufuri ko ƙungiyar direbobi ta ware masu sake bin hanyoyin lokaci zuwa lokaci.