Hitar gas marar bututun hayaƙi a gareji

Hitar gas marar bututun hayaƙi wata na'urar ɗumama ɗaki ce da take ƙona gas a cikin ɗakin, kuma duk abin da ya fito daga wutar nan cikin ɗakin yake tsayawa, babu bututun da zai kai shi waje. Wannan shi ne alfanunta kuma shi ne matsalarta. Tunda zafi ba ya guduwa ta bututu, kamfanoni suna rubuta cewa ingancinta ya kai kashi 99.9 cikin ɗari, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai abin da ba a cika rubutawa da manyan baƙaƙe ba shi ne ba zafi kaɗai take bari ba, har da tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid da ɗan naitirojin dayoksaid, in kuma wutar ba ta ci daidai ba har da kabon monoksaid, wata iska mai guba, kuma mai aiki a garejin shi zai shaƙe su.

Ana amfani da ita sosai a Amurka inda ake sanyi mai tsanani, mutane kuma suna mayar da gareji wurin gyaran mota ko aikin kafinta, shi ya sa yawancin ƙa'idojinta da ma'auninta na can ne. Ma'aunin ƙarfinta BTU ne a awa ɗaya, kilowat ɗaya daidai yake da BTU 3,412 a awa. Ƙa'idar da ake ƙera ta a kai sunanta ANSI Z21.11.2, kuma mafi girman da aka yarda a yi shi ne mai BTU 40,000. Wadda aka fi sa wa a bangon gareji tsakanin 10,000 ne zuwa 30,000.

Yadda take aiki

Akwai wata 'yar ƙaramar wuta da take ci a gefe, failot ake ce mata, ita ce take kunna babbar wutar. Harshen failot ɗin yana lasar wani siririn ƙarfe, tamokwafil, wanda in ya yi zafi yake samar da ɗan lantarki kaɗan da yake riƙe bawul ɗin gas a buɗe. To tun 1980 aka wajabta a Amurka cewa duk irin wannan hita sai an sa mata abin da ake kira ODS, wato na'urar lura da raguwar oksijin, kuma in ka duba ba wata kwamfuta ba ce, failot ɗin ne kawai aka ƙera shi da tsananin ƙa'ida. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin wajen kashi 20.9 cikin ɗari. In ta ragu ta kusa kashi 18, sai ka ga harshen failot ya fara rawa, ya ɗaga daga bakinsa kamar zai tashi sama, ya daina taɓa ƙarfen, ƙarfen ya huce, sai ka ji ƙas, bawul ya rufe, wuta ta mutu.

Dabara ce mai kyau ƙwarai, babu batir babu waya, amma fa oksijin kawai take lura da shi. Ba ta san kabon monoksaid ba, ba ta jin warin fetur. Hita da ƙura ta toshe mata bakin wuta za ta iya fitar da kabon monoksaid mai yawa alhali oksijin yana nan a kashi 20, ODS kuma tana zaune lafiya ba ta ga komai ba. Yawancin kuskuren da ake yi da wannan na'ura daga nan yake farawa, mutum ya ga an rubuta tana kashe kanta sai ya saki jiki.

Iri-irinta

Iri biyu ne manya. Akwai mai shuɗiyar wuta, wadda wutar take ci a bayan gilashi tana ɗumama iska, iskar ta tashi sama ta zagaya ɗakin, wannan ta fi dacewa da garejin da aka sa wa bangonsa da silin ɗinsa abin tare sanyi, domin in ba haka ba iskar ɗumin silalewa take yi ta kowace kafa. Sai mai farantin tangaran, wadda take yin jajir kamar garwashi tana jefa zafi kai tsaye kan abin da ke gabanta, jikinka, bencin aiki, gefen mota, irin yadda rana take dukan mutum ko da iska na kaɗawa. A garejin da ba a rufe shi da kyau ba ita ce za ka fi jin amfaninta, amma abin da ke gabanta yana ɗaukar zafi sosai, don haka ba a ajiye kwali ko tsumma ko taya a kusa.

Akwai kuma 'yan ƙanana na ɗauka a hannu irin Buddy na kamfanin Mr. Heater mai BTU 4,000 zuwa 9,000, su ma suna da ODS kuma suna mutuwa in sun faɗi. Kar a haɗa su da dogayen nan masu kama da igwa da fanka take hura wutarsu, waɗancan na wurin gini ne inda iska take shiga ta ko'ina, ba a yi su don rufaffen ɗaki ba sam.

Ta fuskar gas kuma, akwai mai amfani da gas ɗin bututu, wanda galibinsa mitan ne, akwai mai amfani da furofen na silinda. Ramin da gas yake fita da ƙarfin turawarsa ba ɗaya ba ne, furofen yana aiki a wajen inci 11 na ma'aunin ruwa, wato tsayin ruwan da ƙarfin gas ɗin zai iya turawa sama a cikin bututu, na bututu kuma wajen inci 7, kuma kamfanoni sun hana a juya irin wannan hita daga wani gas zuwa wani, sai dai ka sayi wadda aka ƙera tun asali mai karɓar duka biyun. In aka ba wa hitar gas ɗin bututu furofen, wuta za ta yi tsiri ta yi baƙin hayaƙi.

Lissafin girma

Mutane suna son babba, wai gara ta yi yawa da ta gaza, a nan kam ba haka ba ne. Ƙa'idar gas ta Amurka tana neman aƙalla ƙafa kubik 50 na sararin ɗaki ga kowane BTU 1,000, wato wajen mita kubik 4.8 ga kowane kilowat, kuma ana haɗa lissafin duk abin da yake cin gas a ɗakin ne ba hitar kaɗai ba. A ɗauki garejin mota ɗaya mai faɗin ƙafa 12, tsawon 20, tsayin 8, ya ba da ƙafa kubik 1,920, in ka raba da 50 ka ninka da dubu za ka samu BTU 38,400. Hita mai 30,000 ta shiga. Amma in a kusurwar garejin akwai tukunyar dafa ruwan wanka mai BTU 40,000 da ita ma daga iskar ɗakin take sha, jimla ta zama 70,000, an wuce iyaka nesa, sai an buɗe kafofin iska na dindindin. Kuma lissafin nan yana ɗauka cewa ginin yana ɗan shan iska ta gefen ƙofa da taga, in an toshe ko'ina da roba an liƙe, lissafin bai wadatar ba, shi ya sa littattafan hitocin suke cewa a bar taga a ɗan buɗe, inci ɗaya ko biyu.

Wurin da yake kan tudu sosai ma akwai magana, sama da ƙafa 4,500 daga matakin teku iska ta yi sirara, failot yakan riƙa mutuwa haka kawai.

Abin da ya sa gareji ya fi falo wuya

Fetur. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana malala kamar ruwa ba ka ganinsa, kuma ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili yana iya kamawa da wuta. Galan ɗin da murfinsa bai rufu ba, ko kafireto mai ɗiga, ko injin yankan ciyawa da aka jingine, duk sun isa. Saboda haka ƙa'idar ta ce duk abin da yake da harshen wuta ko tartsatsi a gareji sai an ɗaga shi aƙalla inci 18 daga ƙasa, wajen santimita 46, kuma a sa shi inda mota ba za ta buge shi ba ko a kafa masa ƙarfen kariya. Wannan ya nuna 'yar hitar da ake ajiyewa a ƙasa kusa da ƙafa, a ɗakin da mota take kwana, tana daidai inda bai kamata wuta ta kasance ba. Littattafan kamfanoni da yawa ma kai tsaye suke cewa kar a kunna ta inda ake ajiye fetur ko wani abu mai saurin kamawa, to ka ga wannan sharaɗin kaɗai ya fitar da gareji da yawa daga lissafi.

Sai sinadarai. Duk abin da yake yawo a iskar ɗakin sai ya bi ta cikin wutar ya fito a wata kama. Fenti, tina, gam, man goge katako, ƙurar zarto, su ne suke sa hita ta riƙa wani wari mai hawa kai da sa ido ruwa, mutum ya ɗauka ta lalace ne alhali iskar da ya ba ta ce. Mafi muni shi ne feshin wanke birki mai sinadarin kulorin a ciki, in tururinsa ya haɗu da wuta yana iya rikiɗewa ya zama fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kuma asid mai cin ƙarfe. Ranar fenti ko wankin birki a kashe hitar har failot ɗin, sai iska ta wanke ɗakin.

Na uku ruwa, kuma wannan ne yake ba mutane mamaki don ba wanda yake tsammanin wuta za ta jiƙa ɗaki. Kilo ɗaya na furofen in ya ƙone yana ba da ruwa wajen kilo 1.6, don haidirojin ɗin cikin gas yana haɗuwa da oksijin na iska. Hita mai BTU 30,000 in tana ci gaba ɗaya tana zuba kusan lita ɗaya na ruwa a iska duk awa. Ka yi aikin awa biyar da yamma ka kashe ka tafi, dare ya yi ɗakin ya huce, da safe ka zo ka tarar gilashin taga yana zubar da hawaye, ƙofar ƙarfe tana ɗiga, ka ɗauki sifana ka ji ta a jiƙe, teburin injin zarto da ka goge jiya ya yi wani ja-ja na tsatsa. In aka daɗe a haka hunhuna takan kama kusurwar bango da silin, katakon da kafinta ya ajiye ya bushe kuma ya sake shan danshi ya kumbura. Ga mai kayan aiki masu tsada wannan kaɗai ya isa dalilin neman wata hanya.

Kabon monoksaid

Ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin yake kamawa sau sama da 200. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, rikicewar tunani, sun yi kama da mura ko gajiyar aiki, bambancin shi ne in ka fita waje sai ka ji sauƙi, in ka dawo ya dawo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce mutum sama da 400 suke mutuwa duk shekara a ƙasar da wannan guba ba ta hanyar gobara ba. Wanda ya ji haka ya fita nan take, ya bar ƙofa a buɗe, ya nemi asibiti, kar ya tsaya wai sai ya ƙarasa ɗaure noti.

Dole a sa ƙararrawar kabon monoksaid, in garejin a manne yake da gida a sa wata a cikin gidan kusa da ɗakunan kwana, don iskar tana bi ta ƙofar da ta haɗa su. Amma a san halinta, wadda aka ƙera a ƙa'idar UL 2034 ba ta kuka da wuri, in gubar ta kai kashi 70 cikin miliyan na iskar ɗakin tana iya ɗaukar awa ɗaya zuwa huɗu, a 400 kuma minti 4 zuwa 15. Mai nuna lamba a fuska ta fi, ka ga abin yana hawa tun kafin ta yi ƙara. Kuma tada mota a rufaffen gareji ya fi kowace hita fitar da wannan iska, ga shi hayaƙin motar zai sake bi ta cikin hitar ya ɓata mata wuta.

Wutar lafiya a mai shuɗiyar wuta shuɗiya ce tsaye, in ta koma ruwan ɗorawa tana lilo, ko ka ga baƙi-baƙi a gilashi ko bangon sama da ita, a kashe sai mai gyara ya duba.

Girkawa da kulawa

Haɗa bututun gas aikin wanda ya iya ne mai lasisi, a wurare da yawa ma sai da izinin hukuma. Jihar California ta hana sayar da irin wannan hita don gidajen zama, wasu birane ma suna da tasu dokar, don haka a tambayi hukumar gine-gine ta wurin kafin a saya, a tambayi kamfanin inshora kuma. Silindar furofen babba a waje take zama, tiyo ko bututu ya shigo ta bango da regileta daidai da hitar, don furofen ya fi iska nauyi wajen sau ɗaya da rabi, in ya yi yoyo a ƙasa yake taruwa, ya gangara ramin duba ƙasan mota in akwai. Silinda mai kilo 9 tana ɗauke da wajen BTU 430,000, wato awa 14 ke nan ga hita mai 30,000, kuma a tsananin sanyi ƙaramar silinda takan yi ƙanƙara a jiki ta kasa turo gas yadda ake so. Biyuten kuwa, wani gas ɗin silinda daban, da sanyi ya kai sifili a ma'aunin Salsiyas ya daina tashi.

Ana gwada yoyo da ruwan sabulu a kowace mahaɗa, in ya yi kumfa akwai matsala, ba a gwadawa da ashana. In ka shigo ka ji warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, wanda da gangan ake zuba shi a gas, kar ka taɓa makunnin fitila, kar ka danna rimot ɗin ƙofar gareji, ka rufe gas daga waje in za ka iya ka yi nisa. A bar aƙalla ƙafa uku a gabanta babu komai, ba a shanya kaya a kanta, ba a barinta tana ci babu kowa, ba a kwana da ita.

Wanda kullum yake wuni a gareji, ko yake fenti, ko motarsa take kwana a ciki, gara ya nemi hita mai rufaffen ɗakin wuta wadda take jan iska daga waje ta mayar da hayaƙinta waje ta bango, ko ta lantarki. Marar bututu ta fi dacewa da aikin awa ɗaya ko biyu, mutum yana wurin, taga a ɗan buɗe, fetur yana wani ɗakin daban.

Kafin sanyi ya shigo a hure ramin iskar failot da bakin wutar da iska marar ƙarfi, kamfanoni suna cewa kar ta wuce PSI 30 a ma'aunin ƙarfin iska, don ƙura da gashin dabba da saƙar gizo suna toshe su a watannin da hitar take ajiye. Ba a zura allura ko waya a ramin failot, in ya buɗe ko da kaɗan ne ODS ta daina mutuwa a inda aka saita ta.