Hutu a bakin tekun Zanzibar: tambayoyin da ake yi kafin a ɗaura kaya

Mutum ya yi shekara yana fama da aiki, da ƙurar hunturu, da zafin bazara, sai ransa ya raya masa wuri mai farin rairayi da inuwar kwakwa, inda za a kawo masa kifi da zafinsa ya ci yana kallon ruwa. Masu wannan buri da yawa kan ɗauka sai an tsallaka wata nahiyar. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni, Zanzibar nake nuna masa, ga kuma amsoshin tambayoyin da kan biyo baya.

Ina ne Zanzibar ɗin, kuma ƙasa ce mai zaman kanta?

Tarin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba, kuma idan masu yawon buɗe ido suka ce Zanzibar, galibi Unguja suke nufi. Tsawonsa kusan kilomita 85 ne, mota na ratsa shi daga arewa zuwa kudu cikin 'yan awoyi. Bayan juyin juya halin 12 ga Janairun 1964 da ya kawo ƙarshen mulkin sarakunan da asalinsu Oman ne, Zanzibar ta haɗe da Tanganyika ranar 26 ga Afrilun wannan shekarar, aka sami Tanzaniya. Har yau tana da shugabanta da majalisarta, amma fasfo da biza na Tanzaniya ne. Ƙidayar 2022 ta sami mutum kusan miliyan 1.9, kuma mafi rinjayensu nesa ba kusa ba Musulmi ne. Kiran sallar asuba zai tashe ka kamar kana gida.

Wane gefen tsibirin ya kamata in sauka?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, ita ce kuma mutane ba sa yi. Suna ganin hoton otal a waya, ruwa shuɗi har bakin ƙofa, su biya kuɗi, su iso su tarar teku ya yi nisa kamar ya yi ƙaura.

Dalili shi ne tekun nan yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya. A gabashin tsibirin, wato Paje, Jambiani, Bwejuu da Matemwe, ƙasan ruwan shimfiɗe take har zuwa wani shingen murjani da ke can ciki. Idan ruwa ya janye, sai ka yi tafiyar ɗaruruwan mitoci bai kai maka gwiwa ba. Lokacin cikar kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana, domin wata yake bi. Mu da muke lissafi da watan Musulunci wannan ba zai yi mana wuya ba: a farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar ne ruwa ya fi cika, ya fi kuma janyewa. A tsakaninsu motsin kan lafa.

A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar na da gangare, saboda haka ana iya iyo kusan kowane lokaci. Nan ne kuma ake kallon faɗuwar rana a kan ruwa. Sai dai jama'a sun fi yawa, masu talla ma haka, kuma a Kendwa akan yi casun dare idan wata ya cika. Mai zuwa da yara masu son wasan ruwa, arewa ta fi masa sauƙi.

Amma wanda ya ce hutu yake nema, na gaske, ni Jambiani zan tura shi. Janyewar ruwan da wasu ke kuka da ita, ita ce abin kallon. Da ruwa ya tafi sai ka ga matan ƙauyen sun shiga da zannuwansu, suna duba gonakin ciyawar teku da suke kira mwani, wadda suke ɗaurawa a igiya tsakanin turaku. Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fara wannan noman, ana shanya ciyawar a sayar wa masu fitar da ita waje, kuma da kuɗinta mata da yawa suke riƙe gida. Masunta na jan kwalekwalensu masu fiffike biyu, yara na tsintar abin da ruwa ya bari. Ranarka sai ta bi tsarin tekun: ruwa ya zo ka yi wanka, ya tafi ka yi tattaki ko ka kwanta. Abu ɗaya kawai, kada ka shiga ba takalmi, domin akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓuya cikin duwatsu.

Paje kuwa ta matasa ce masu wasan da iska ke jan su a kan ruwa.

Wane wata ya fi?

Yuni zuwa Oktoba: sama a washe, iska mai sanyi na kaɗowa daga kudu. Disamba zuwa Fabrairu ma rani ne, amma da zafi da gumi, kuma farashi kan hau a ƙarshen shekara. Babbar damina, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu take. Otal na araha a lokacin, sai dai kana iya kwana uku ruwa bai ɗauke ba. Akwai ƙaramar damina wajen Nuwamba, mai zuwa ta wuce.

To abinci fa? Me zan ci?

A nan Zanzibar ta yi wa tsibirai da yawa fintinkau. Ɗaruruwan shekaru jiragen katako na zuwa da iskar arewa daga Oman, Yaman, Farisa da Indiya, su koma da iskar kudu, kuma kowa ya bar ɗanɗanonsa a tukunya. Sarki Sayyid Sa'id, wanda ya mai da fadarsa daga Maskat zuwa nan wajen 1840, ya matsa a shuka kanumfari har tsibiran suka zama kan gaba a duniya wajen samar da shi. Yau mafi yawansa daga Pemba yake fitowa. Wajibi ne a tuna cewa bayi ne suka nome waɗancan gonakin.

Fara da pilau, shinkafar da aka dafa cikin romon nama da kanumfari, kirfa, masoro da iliki, ƙwayar ƙamshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa. Biriyani ta fi ta nauyi, ana dafa shinkafar daban, miyar naman daban, abincin biki da ranar Juma'a. Sannan duk abin da ka ga an rubuta "wa nazi" a gabansa, da madarar kwakwa aka dafa shi: kifi, wake, ganye, ayaba ɗanya. Wannan madarar ita ce man gyaɗa da manjan mutanen gaɓa. Ana kankare kwakwar a matse ta a ranar, kuma bambancinta da ta gwangwani kamar na nonon rugga ne da na gari.

Abin mamaki ga Bahaushe shi ne yawan abubuwan da zai ga kamar ya san su. Vitumbua wainar shinkafa ce a cikin tanda mai ramuka, sai dai an sa mata kwakwa da iliki. Mishkaki tsire ne ba ƙuli. Mandazi ɗan'uwan fanke ne. Abin da suke kira fizar Zanzibar kuwa, duk wanda ya je aikin Hajji zai tuna da mutabbaƙ: siririn kwaɓin fulawa, a zuba niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai, a naɗe a soya a faranti.

Wanda ba shi da na biyu a wajenmu shi ne urojo. Romo ne rawaya mai tsami, na fulawa da kurkur da ɗanyen mangwaro ko lemon tsami, ana zuba masa dafaffen dankali, da wani abu kamar ƙosai, da ƙwai, da soyayyen rogo mai ƙaras-ƙaras, da yaji. Talaka da mai kuɗi duk suna sha, a tsaye ko a benci. Idan ka bar tsibirin ba ka sha urojo ba, da saura.

Kowa zai ce maka ka je kasuwar dare ta lambun Forodhani, a bakin ruwa cikin tsohon garin Zanzibar, wanda ake kira Stone Town. Ka je, wurin na da daɗi bayan magariba. Shawarata dai, ka ci fiza da urojo da mishkaki a can, amma kifi da jatan lande da aka jera a tebur tun la'asar ka bar su. Kifi mai kyau yana ƙauyukan gaɓa, inda za ka ga an sauke shi daga kwalekwale da hantsi, a gasa maka shi a gawayi da azahar.

Abincin tekun nan duk ya halatta?

Mutanen Zanzibar galibi Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa da 'yan Shi'a. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, abin da ke rayuwa cikin teku halas ne, har ƙaguwa da jatan lande da pweza, wata halitta mai hannaye takwas da suke dafawa da madarar kwakwa har ta yi laushi. Naman kasuwa yankan Musulmi ne. A manyan otal na baƙi ne kawai za ka iya cin karo da naman alade ko miyar da aka sa wa giya, sai ka tambaya. Naman kunkurun teku kuwa kada ka kusance shi ko an ba ka kyauta: a watan Maris na 2024 ya kashe mutane a Pemba, yawancinsu yara.

An ce hutun tsibiri ba ya cika sai da giyar inabi. Ana samun ta a can?

Ana samu, a otal-otal da gidajen abinci masu lasisi, da wasu 'yan shaguna. Ba a noman inabi a tsibirin, zafi da laima sun yi yawa. Mafi yawan kwalaben daga Afirka ta Kudu ake kawo su, irin su Chenin Blanc, fara, wadda masu sha ke haɗawa da gasasshen kifi, da Pinotage, ja, wadda aka samar a can a 1925. Tanzaniya ma na da tata daga yankin Dodoma, inda 'yan mishan suka fara shuka inabi a busasshiyar ƙasar tsakiyar ƙasar. Da yake komai sai an yi jigilarsa an biya haraji, tana da tsada.

Wanda addininsa bai hana shi ba, ya sha a inda aka keɓe, kada ya fito da kwalba cikin ƙauye ko lungunan gari, domin mutanen wurin na ɗaukar hakan cin fuska. Wanda kuma ba ya son ko ganinta, ya lura da otal masu tsarin "komai a ciki", domin kuɗin giya na cikin abin da zai biya ko bai sha ba. Ƙananan masaukai na 'yan gari da yawa ba sa sayar da ita sam, kuma abincinsu ya fi kusa da na gida.

Ni dai ban ga abin da mai ƙin giya ya rasa a Zanzibar ba. Akwai madafu, ɗanyar kwakwa da ake sare wa kai a gabanka ka sha ruwanta, sannan a kankaro maka laushin cikin. Akwai ruwan rake da ake matsewa tare da citta da lemon tsami, wanda ya dace da kifi mai yaji ƙwarai. Akwai ruwan tsamiya, da shayi mai kayan ƙamshi, da baƙar gahawa a 'yan ƙananan kofuna, wadda dattawa ke sha da alewar kwakwa ko gyaɗa mai suna kashata, suna hira a dandalin Jaws Corner da ke cikin tsohon gari.

Sai kwanciya a rairayi kawai? Ba abin gani?

Ka ba tsohon gari, Stone Town, kwana biyu. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa ƙunci ne da su har mota ba ta shiga, ƙofofin katakonsa sassaƙaƙƙu, wasu da ayoyi a samansu. Ka shiga kasuwar Darajani ka sayi kanumfari da kirfa na tsaraba. Ka je inda kasuwar bayi take, wadda aka rufe a 1873 aka gina cocin Angilika a wurin. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi, kuma babu mai fitowa daga ciki da sakin fuska. A kudu, masallacin Kizimkazi na ɗauke da rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, na shekarar 500 bayan Hijira, wato 1107. A dajin Jozani akwai jan biri da ba a samun irinsa ko'ina sai Zanzibar, a tsibirin Changuu kuma manyan kunkuru da aka kawo daga Seshels a 1919.

Yaya batun sutura da azumi?

Shigarmu ta gida ta isa, mai hijabi ba wanda zai kalle ta sau biyu. Hukuma ma na buƙatar baƙi su rufe kafaɗa da gwiwa a cikin gari. A bakin ruwan otal ne za a ga Turawa da kayan wanka, musamman a arewa. Cikin Ramadan gidajen abincin gari da yawa na rufe da rana, amma buɗa-bakinsu da rogo da ayaba cikin madarar kwakwa abin zuwa ne.

Waɗanne takardu, kuma ta ina ake bi?

Masu fasfon Najeriya da Nijar ba sa karɓar biza a filin jirgi, sai sun nema ta intanet an amince tukuna, kuma tana ɗaukar lokaci, don haka a fara da wuri kafin a sayi tikiti. A riƙe katin rigakafin shawara. Tun 1 ga Oktoban 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar tafiya ta gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba. Jirgin Ethiopian Airlines na ɗauka daga Kano, Abuja, Legas ko Yamai, a sauya a Addis Ababa, a sauka filin jirgin Abeid Amani Karume. Wanda ya sauka Darussalam kuma, jirgin ruwa na kai shi cikin kusan awa biyu. Gidan sauro da maganin zazzaɓi kada a manta.

Za mu fahimci juna da mutanen wurin?

Suwahili suke yi, kuma kunnenka zai riƙa tsintar kalmomin da mu da su muka aro daga Larabci: habari labari ne, karafuu kanumfari, sabuni sabulu, dunia duniya. Sallama kuwa iri ɗaya ce. Agogonsu na gaba da namu da awa biyu. Sai dai ka kula da lissafin lokaci a bakinsu, domin daga fitowar rana suke fara ƙirga. Idan mai kwalekwale ya ce zai ɗauke ka "saa moja", wato awa ɗaya, ƙarfe bakwai na safe yake nufi, "saa sita" kuma sha biyun rana.