Rubutun sunan fim da jerin sunaye: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su

Tambayoyin nan ba sa canzawa. Yau wannan ya turo, gobe wancan ya ɗauko hoton allon kwamfutarsa da waya ya ce "Oga duba mini." To ga amsa a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wane salon harafi ne ya fi kyau a rubuta sunan fim da shi?

Babu shi. Wanda mai kallo zai karanta a waya ba sai ya matse ido ba, kuma ya dace da labarin, shi ne naka.

Salo nawa zan haɗa a fim ɗaya?

Biyu. Ɗaya na sunan fim, ɗaya na sunayen mutane. Da ya kai uku ya tashi daga fim ya koma katin gayyatar biki.

Na sa sunan yana ci da wuta, yana juyi, ga walƙiya. Ya ka gani?

Wutar na gani, sunan ban iya karantawa ba. Wai me ya haɗa labarin rikicin kishiyoyi da harafin ƙarfe mai tartsatsi? Je ka kalli aikin Saul Bass, Ba'amurken da ya ɗaga darajar wannan sana'a. A 1955 ya buɗe fim ɗin Otto Preminger, The Man with the Golden Arm, da fararen sanduna a kan baƙin allo, daga ƙarshe suka zama karkataccen hannu. Labarin ɗan ƙwaya ne mai tsira wa kansa allura, ka ga hannun ya faɗi komai tun jarumi bai buɗe baki ba. A Psycho na Hitchcock, 1960, layuka ne kawai ke shigowa suna tsaga sunaye. Da takarda da almakashi da kyamara aka yi irin wannan aiki. Kai da manhajar After Effects a gabanka, ka rasa abin yi sai kunna wuta.

Rubutuna ya fita daidai a kwamfuta, amma a talabijin an yanke gefensa. Me ya faru?

Ka kai shi bakin allo ne. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi tana cinye gefen hoto, shi ya sa tsohuwar doka ta ce a bar kashi 10 cikin 100 ta kowane ɓangare. Yanzu an sassauta zuwa kashi 5. Manhajar haɗa bidiyo ta Premiere na da layukan da ke nuna wannan iyaka, kunna su. Kusurwoyin sama kuma bar su fayau, nan tashoshi ke manna tambarinsu.

Salon da nake so ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Furodusa kuma ya ce shi yake so. Ya zan yi?

Yawwa, wannan ita ce tambaya. Amsarta kuma ta danganta da inda rubutun zai zauna.

Da farko ka tabbata babu su ɗin ne. Buga ƙ ɗ ɓ da manyansu Ƙ Ɗ Ɓ, ka ƙara girman allo ka zuba ido. Wani lokaci akwatin banza zai fito, wannan da sauƙi, ka san matsayinka. Mai haɗarin shi ne manhajar ta aro harafin daga wani salon ba ta faɗa maka ba. Sai ka ga kalma duk haruffanta masu kauri, ƙ ɗin kaɗai siririya, ko ta ɗan fi sauran tsawo. A ƙaramin allo ba za ka lura ba, sai an buga fosta.

Idan sunan fim ne kawai, kalma biyu ko uku, ana iya zana ƙugiyar da hannu. Ka mayar da rubutun zane a manhajar Illustrator ko makamanciyarta, ka ɗebo lanƙwasar daga saman f na salon nan ɗin, ka dasa a kan sandar k ko d ko b, don kaurin ya zo ɗaya. Yawanci yana zama, ba kullum ba. A salon da aka kwaikwayi rubutun hannu ko mai ado da yawa, dashen yakan fito fili, kuma gara babu da mummunan dashe. Sannan ka lura da maƙwabta. A kalma irin "kuɗi", ƙugiyar ɗ tana karkata dama ta je ta taɓa ɗigon i. In ka rubuta da manyan baƙaƙe, KUƊI, ƙugiyar ta koma hagu tana tunkuɗar U. Dole ka buɗa tsakaninsu da hannu, kaɗan kaɗan, har ido ya daina tsayawa a wurin. Akwai kuma maganar lasisi: wasu masu salon sun hana a taɓa zanensu, wasu sun yarda in dai hoto za ka fitar. Karanta takardar da ta zo da shi, in har da takarda ya zo maka.

Idan kuwa jerin sunayen ma'aikata ne, da fassarar da ke gudu a ƙasan allo, kada ma ka fara. Ba za ka zauna kana dasa ƙugiya a kan kowane Ɗanladi da Ɗanjuma ba. Sauya salo. Noto na Google yana da haruffanmu, haka Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, duka kyauta ne kuma lasisinsu ya yarda a yi aikin kasuwa da su. Furodusa ya riƙe salonsa a kan sunan fim, kai ka riƙe naka a sauran. Galibi a nan ake sasantawa.

Zubar da ƙugiyar fa? A kan allo da fosta ban yarda ba, fim ɗin "ƙasa" daban, na "kasa" daban. K' da d' irin na hirar waya su ma ba su da wuri a nan. Inda nake ɗan sassautawa shi ne akwatin suna na YouTube, don masu nema da yawa babu ƙugiya suke bugawa, kuma ba zan ce wa mai neman abincinsa ya yi asarar masu kallo ba. Ko a nan ma, sa duka biyun ya fi. In fim ɗin na kasuwar Nijar ne, ka tuna can ƴ suke rubutawa inda Nijeriya ke rubuta 'y, ka tambayi mai fim wanne yake so. In 'y ɗin ne, duba alamar da kyau, don manhaja takan juya ta baibai a farkon kalma.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka tsorata, kowa sai da ya koya: in aikin zai koma wata kwamfutar, fitar da sunan a matsayin hoto marar bango. Salon da ke naka injin ba lallai yana can ba.

Sunan wa zan fara sawa, jarumi ko jaruma?

Ba aikinka ba ne. Furodusa ya rubuto maka jerin, da yadda kowa ke rubuta sunansa, ka ajiye saƙon. Ranar da rigima ta tashi za ka gode mini. A Amurka kwantiragi ke yanke wannan, har da tsawon harafin kowane suna idan an gwada shi da sunan fim. Shi ya sa sunayen ƙasan fostocinsu suke dogaye sirara a matse: tsawo aka ƙayyade, ba faɗi ba, sai masu zane suka matse faɗin don kowa ya samu shiga. Kai da babu wanda ya ɗaure ka da wannan sharaɗi, me ya kai ka kwaikwayon rubutun da ba ya karantuwa?

Daƙiƙa nawa suna zai tsaya a allo?

Karanta shi a bayyane sau biyu, ba da gaggawa ba. In ya ɓace kafin ka gama, ƙara.

Dole ne duk sunaye su fito a farko?

A'a. Star Wars na 1977 bai sa sunan ɗan wasa ko darakta a farko ba. Da mai fim ɗin, George Lucas, ya maimaita haka a kashi na biyu a 1980, ƙungiyar daraktocin Amurka ta ci shi tara, ya biya, ya fice daga cikinta. Kai babu mai cin ka tara, amma mai kallo a waya yana da babban yatsa. Sunan kamfani, manyan 'yan wasa, sunan fim, darakta, a shiga labari. Godiya ga mai gidan da aka ara da mai abinci ta jira ƙarshe.

Wane harafi ne wancan na fostocin Turawa mai kama da sassaƙa?

Trajan. Carol Twombly ta zana wa kamfanin Adobe shi a 1989, daga rubutun da ke gindin ginshiƙin sarki Trajan a birnin Rum. An yi ta amfani da shi har ya gundiri mutane. Ba shi zai mayar da fim ɗinka babba ba.

Zan iya ƙara ajami a ƙarƙashin sunan?

Sosai ma. Tsofaffin finafinan Indiya da rubutu uku suke buɗewa, na boko da na Hindi da na Urdu, babu wanda ya ce sun yi cunkoso. SIL na da salo mai suna Alkalami da aka zana a kan rubutun Kano, shi ya fi kama da abin da idonmu ya saba gani a makarantar allo. Sai dai ka kunna saitin rubutun dama zuwa hagu, in ba haka ba haruffan za su rarrabu su juya. Kuma ka kai wa malamin da ya iya ajami ya duba kafin ka fitar, ba abokinka da ya ce yana ɗan taɓawa ba.

A manhajar CapCut duk wannan zai yiwu?

Mafi yawansa. Dashen ƙugiya ne sai ka yi a wani wuri ka shigo da hoton.

Oga, ko za ka turo mini samfurin da kake aiki da shi?

A'a.