Gidajen laka na Ingila: da gaske doka ta hana mai gida ceton gidansa daga ambaliya?

Duk lokacin da ruwa ya yi ɓarna a kudu maso yammacin Ingila, sai maganar ta sake tasowa: wai mai tsohon gidan laka a can ba shi da ikon taɓa bangonsa ko da ruwa na cin gindinsa, in ya taɓa sai kurkuku. Maganar tana da tushe, amma an yi mata ƙarin gishiri.

Gidajen laka suna da yawa a yankin Devon. Ƙasa ake kwaɓawa da karan alkama, a ɗora bango mai kauri a kan harsashin dutse. Waɗanda aka shigar cikin rajistar gine-ginen tarihi, wadda hukumar Historic England ke kula da ita, su ne dokar 1990 ta kare gine-ginen tarihi ta shafa. Gidan da ba ya cikin rajista, wannan ba ruwansa.

Sashe na 7 na dokar ya hana rushewa, ko sauyi, ko ƙari da zai taɓa siffar ginin ta tarihi, sai da izinin ƙaramar hukuma. Bai hana jera buhunan yashi a bakin ƙofa ba, bai hana yashe magudanar ruwa ko janye ruwa da injin ba. Gyaran da aka yi da irin kayan da aka tarar, laka a gurbin laka, galibi ba ya buƙatar izini, ko da yake mai hankali kan tambayi jami'in hukuma tukuna. Takardar neman izinin ma kyauta ce.

Hukuncin kam ba wasa ba ne. A babbar kotu ana iya ɗaure mutum har shekara 2, ko a ci shi tarar da ba ta da iyaka, ko a haɗa masa duka, kuma alƙali zai duba ribar da ya samu daga aikin kafin ya yanka tarar. "Ban san gidan yana cikin rajista ba" ba ta fisshe ka. Maginin da ya yi aikin ma ana iya gurfanar da shi. Amma shekara 2 ɗin ita ce ƙololuwa, ba ita ake yanke wa kowa ba.

Inda aka fi rikicewa shi ne sashe na 9(3), mai maganar gaggawa. Wasu sun ɗauka da zarar an ce ambaliya, to an sakar maka mara. A'a. Kariya ce da kai za ka tabbatar a gaban kotu, kuma sharuɗɗa 4 ne, babu wanda ake yafewa: aikin ya zama dole cikin gaggawa don lafiyar mutane ko tsirar ginin, gyara ko tokara ko rufin wucin gadi ba za su wadatar ba, ba ka wuce iyakar abin da ya wajaba nan take ba, sannan ka rubuta wa ƙaramar hukuma cikakken bayani da zarar ka samu hali.

A ce ruwa ya janye, gindin bango ya jiƙe ya yi laushi har yatsa na nutsewa, tsaga ta hau daga ƙasa, bangon ya fara kumburo waje. Ka kira magini ya tokare shi da katako, ka ɗauki hotuna, ka aika wasiƙa: kana kan hanya. Ka rushe bangon duka ka tayar da na bulo: ka fita daga inuwar sashen, tunda tokara za ta iya riƙe shi.

Siminti shi ne tarkon da ya fi kama mutane. Bayan ambaliya zuciya na raya wa mai gida ya shafe bangon da siminti ruwa ya daina shiga. Laka kuwa tana son ta fitar da danshi. Siminti yakan tsage, ruwa ya bi tsagar ya shige, ya rasa mafita, ya taru a gindi, bangon ya yi ta ruɓewa a ɓoye har ya rufta. Shi ya sa masana ke cewa a bar shi ya bushe a hankali, a yi shafen farar ƙasa. A nan dai, a ganina, dokar da ta hana irin wannan sauyi ba tare da izini ba gata ta yi wa mai gida.

Inda nake ganin an danne shi shi ne kuɗi da lokaci. Hukuma na da mako 8 kafin ta amsa takardar neman izini, ruwan sama kuwa ba ya jiran kowa. Ƙasa ta ce gidan gadon kowa ne, amma ladan ƙwararren maginin laka daga aljihun mutum ɗaya yake fita. Ga kuma sashe na 38, wanda ya ba hukuma ikon umartar a mayar da gini yadda yake, ba tare da wa'adi ba. Wanda ya sayi gida yau ana iya sa shi ya kankare simintin da wani ya shafa shekara 20 da suka wuce, da kuɗinsa.